Kal

Ammi ta zo Kaduna da akwatin ƙarfe ɗaya,
da tukunyar tagulla,
da harshen da ba a sayarwa a Kasuwar Barci.
Daga Lahore Baba ya taho da ita, da takardar karatun saƙa.
Shi ya kama aiki a masaƙar Kakuri,
ita ta kama aikin kewa.

A bakin masu tallan tumatir ta koyi Hausa,
har ta rasu tana kiran gishiri da muryar tambaya.
Amma in ta yi fushi, Urdu.
In ta ɗaga hannu bayan asuba, Urdu.
In zazzaɓi ya kwantar da ni, tafinta a goshina, Urdu.
Ni kuwa sai in amsa mata da Hausa,
don yaran layinmu na cewa: ga ɗan Indiya, taka mana rawa!
Na ɓoye harshen uwata
kamar yadda ake dafe yagaggen aljihu.

Yau ciyawa ta cinye ƙofar masaƙa,
Ammi na kwance a Tudun Wada,
ni kuma ga ni a Barnawa da ’ya’ya biyu
da ragowar kalmomin da ba su cika mudu ba.

Bayan magariba, in an ɗauke wuta,
nakan shimfiɗa tabarma in buɗe makarantata.
Na ɗaga kofi na ce: pani.
Junaidu ya dube ni da tausayi:
Abba, ruwa ne fa, ka manta?
Na nuna wata na ce: cand.
Sakina ta ce: ai na gan shi can ɗin.

Na ce duniya.
Suka ce wannan ai tamu ce!
Na ce tata ce ita ma.
Sabun da sabulu, kalam da alƙalami,
dangi ne da hanya ta raba,
wani ya bi raƙumi, wani ya bi jirgin ruwa,
suka sake haɗuwa a ɗakin girkinmu.

Na sauko da hotonta daga bango:
wannan Dadi ce, uwar ubanku.
Junaidu ya lashe leɓe ya ce: Daɗi?
Na buɗe baki zan gyara masa,
na fasa.

Saratu daga bakin murhu ta ce:
malamin ma rabi ya iya.
Ba ta yi ƙarya ba.
Akwai wasiƙu bakwai a ƙasan akwatin ƙarfen,
rubutu kamar ajamin da iska ta kaɗa,
a rataye, a karkace, kamar wanki a igiya.
Na san haruffan, sun san ni,
amma gaisuwa kawai muke yi mu wuce.
Ran Lahadi nakan kira ƙanwarta ta waya,
tsohuwar ta yi ta zuba, ni ina tsintar tsaba,
abin da na tsinta shi nake kawo wa tabarma.

Shekaranjiya Sakina ta tambaya:
yaya Dadi ke cewa jiya?
Na ce kal.
To gobe fa?
Na ce kal.
Ta harare ni: wasa kake.
Yaya mutum zai san wanda ya wuce da wanda ke tafe?
Na tuna na taɓa yin wannan tambayar,
Ammi na murza fulawa, ba ta ko ɗago ba, ta ce:
ka jira a ƙarasa maganar.

Daren jiya, ruwan Agusta na dukan kwano,
wajen ƙarfe biyu,
wata ƙaramar murya daga cikin gidan sauro,
ido a rufe, ba don a yaba mata ba:
Abba, pani.

Na tashi ina laluben randa a duhu.
Rabin kofin a ƙafata ya zube.
Ta sha, ta juya, ta koma barci.

Sauran karatun kuma
sai kal.